Magungunan Rage Ƙiba: Abin Lura Kafin a Saya

Da yawa daga cikin shayin rage ƙiba da ake tallarsa a kasuwanni, ganyen filasko ne a ciki. Aikinsa sa gudawa: ruwan jiki ke fita, kitse kuwa yana nan daram. Mafi haɗari su ne ƙwayoyin da ake cewa na gargajiya ne zalla, alhali an ɓoye sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yakan jawo bugun zuciya da shanyewar jiki.

Mai saye ya duba lambar NAFDAC, amma lambar ba shaida ba ce cewa maganin zai rage ƙiba. Masu hawan jini ko ciwon sukari, da mata masu juna biyu, kada su sha kome sai da iznin likita.