Aradu Ba Hadari: Ma'ana da Fassarar Wani Salon Maganar Ingilishi

Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da kan ba mai fassara wahala akwai salon magana, wato jerin kalmomin da ma'anarsu a haɗe ta sha bamban da ma'anarsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan maƙala za ta duba ɗaya daga cikin waɗanda Turawan Ingila ke amfani da su wajen nuna mamaki, wato "a bolt from the blue", tare da neman takwaransa a Hausar yammacin Kano, musamman ƙasashen Gwarzo da Kabo.

Ma'anarsa

Kalmar "bolt" tana da ma'ana fiye da ɗaya. Takan nufi sakatar ƙofa, takan kuma nufi aradu. Ita kuwa "blue" launin shuɗi ce, amma a nan sararin sama ake nufi yayin da ya yi garau. Ɗalibin da ya dogara da ƙamus kaɗai yana iya cewa "sakata daga shuɗi", maganar da ba Bahaushen da zai gane ta. Ainihin hoton shi ne aradu ta faɗo alhali babu ko ɗigon gajimare. Ana samun salon a rubuce tun 1837, cikin littafin Thomas Carlyle kan juyin juya halin Faransa.

Yadda Ake Amfani da Shi

Galibi labari mai girgiza zuciya ake siffantawa da shi, wanda ya zo ba tare da wata alama ba. Misali, kisan Janar Murtala Muhammad a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976 haka ya riski Kanawa. Abin da aka daɗe ana tsammani, kamar rasuwar majinyacin da ya jima kwance, bai shiga ciki ba, komai zafinsa.

Takwaransa a Hausa

Manomin Gwarzo ko na Kabo ya san tsarin damina sarai. Hadari kan haɗo daga gabas, iska ta taso, a ga walƙiya, sa'an nan a ji tsawa. Mai noma ya sami damar barin gona, makiyayi ya kora dabbobinsa. Saboda haka hoton aradu a sararin da ba hadari ba baƙo ba ne ga tunaninsa.

Hausa tana da "kamar saukar aradu", to amma wannan tsananin abin ya fi nunawa. "Kwatsam" da "ba zato ba tsammani" sun ɗauki rashin alama, sai dai sun bar nauyin a baya. "Tsuntsu daga sama gasasshe" alheri kaɗai yake nufi, don haka kuskure ne babba a yi amfani da shi ga labarin rashi. Shi kuma "abin mamaki, kare da tallan tsire" mamakin abin da bai dace ba yake bayyanawa.

Kammalawa

Salon Ingilishin ya haɗa abu biyu: tsanani da rashin gargaɗi. Fassarar da ta fi kusa ita ce wadda ta riƙe su duka, kamar a ce, "Labarin ya zo musu kamar saukar aradu ba hadari." Wajibi ne mai fassara ya fara tambayar kansa ko labarin na daɗi ne ko na baƙin ciki, kafin ya zaɓi kalma.