Kyamara Mai Zugazugi

Mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin mai hoton da, kansa lulluɓe da baƙin ƙyalle, a bayan kyamara mai jiki kamar zugazugin maƙera. Cikin ire-irenta, mai faɗin inci 6½ da tsawon 8½ ta fi burge ni. Awon ya samo asali ne daga farantin Daguerre na Faransa, a 1839. Fim ɗinta ya ninka na 35mm sau 40, don haka ba sai an faɗaɗa hoto ba; ana ɗora fim ɗin kan takarda a haska, har zaren riga ya fito ƙarara. Ta kuma fi mai inci 8 da 10 sauƙin ɗauka. Sai dai fim ɗinta na da wuyar samu, kuma kowane falle hoto ɗaya ne tak.