Alamomin Ciwon Sukari da ke Bayyana Cikin Dare

Galibin cututtukan da ke addabar ɗan Adam sukan zo da zazzaɓi ko raɗaɗin da zai kwantar da mutum nan take. Amma ciwon sukari, wanda malamin tibbu Ibn Sina ya siffanta cikin littafinsa Alƙanun tun shekaru dubu da suka shuɗe, yakan daɗe a jiki ba a farga ba, sau da yawa kuma sai dare ya tsala, hidimomin rana sun ɗauke, sannan alamominsa ke samun sararin bayyana.

Mafi shahara cikinsu ita ce yawan tashi fitsari. Sababin haka kuwa, idan sukari ya taru a jini har ya haura kimanin miligiram 180 a kowace desilita, ƙoda takan gaza riƙe shi, sai ta zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya janye ruwan jiki ya tafi da shi. Don haka mutum ya tashi sau uku ko huɗu kafin asuba, baki a bushe, ya lalubi moɗa ya kwankwaɗi ruwa, ya kwanta, kafin barci ya yi nauyi mara ta sake cika. Wani ma da safe yakan tarar da tururuwa sun yanyame wurin da ya tsuguna. Magidanci sai ya ɗora wa tsufa laifi, ko shayin dare, ko zafin bazara, alhali kuwa rarrabe wannan da wancan aikin likita ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da ya riga ya daina fitsarin kwance, kwatsam ya koma yi, ga ƙishirwa, ga rama duk da yana cin abinci. Irin wannan yaro bai cancanci tsawa ko bulala ba, wajibi ne a kai shi asibiti a ranar, domin nau'in da ke kama yara yana iya halakarwa cikin 'yan kwanaki.

Sai kuma ƙafafu. Sukarin da ya daɗe da yawa yana cin jijiyoyi sannu a hankali, har mai shi ya riƙa jin tafin ƙafarsa kamar ya taka garwashi da zarar ya kwanta, wani ko mayafi ba ya iya jurewa a kanta. Bayan zafin sai mutuwar ji, inda ƙaya za ta soke shi bai sani ba, ta zama gyambo. Lokacin alwala dama ce ta duba tsakanin yatsu.

Akwai alama ta daban ga wanda ya riga ya fara magani, musamman allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide: idan ya kwanta bai ci abincin dare ba, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa da 70, ya farka sharkaf da gumi, jiki na ɓari, zuciya na bugawa, ko ya yi ta sambatu har iyali su zaci shafar aljanu ce. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan sukari ko zuma. In ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da cutar a yankin Afirka kudu da Sahara, fiye da rabinsu kuma ba su san suna da ita ba. Gwajin kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, da safe kafin karin kumallo. Idan ya kai 126 ko ya wuce, likita zai maimaita don tabbatarwa. Duk wanda fitsari da ƙishirwa suka hana shi barci makonni a jere, don Allah ya je a auna shi cikin wannan mako.