Ruwa daga kan nono: wane gwaji ne ke gano dalilinsa?

Ba duk ruwan da ya fito daga kan nono ne abin tashin hankali ba. Ga mai ciki ko wadda ba ta daɗe da yaye ba, farin ruwa daga nonuwa biyu ba baƙon abu ba ne. Wasu magungunan tashin zuciya da na taɓin hankali ma suna jawo shi, haka nan yawan sinadarin furolaktin, kuma awon jini kan warware wannan. Wanda bai kamata a zauna da shi ba shi ne ruwan da ke zuba da kansa ba tare da an matsa ba, daga nono ɗaya, ta ƙofa ɗaya, musamman mai jini ko garai-garai.

Galibi dalilin irin wannan ruwan ɗan tsiro ne marar illa a cikin hanyar nono. A wasu matan kuwa sankara ce, kuma ido ba ya rarrabe su.

Bayan likita ya duba da hannu, ga 'yar ƙasa da shekara 30 akan fara da sikanin, saboda naman nononta na da kauri. Ba ya da zafi, yana da sauƙin kuɗi, amma ingancinsa ya dogara ga gwanintar mai riƙe da na'urar. Daga shekara 40 akan haɗa da mamogiram, wanda ke kama ƙananan ɗigon alli da kan nuna farkon sankara, sai dai ƙaramin tsiron da ke bayan kan nono yakan ɓace masa.

Akwai tsohuwar hanya ta zura siririn bututu a ƙofar da ke zubar, a tura ruwan da ke fitowa a hoto. Tana nuna wurin, amma akwai zafi, kuma dole nonon ya kasance yana zubar a ranar. MRI ya fi su duka gani, har yakan nuna abin da daga baya a tarar ba komai ba ne, ga tsada, ga shi sai a manyan asibitoci.

Gwajin da ya fi ruɗin mata shi ne ɗiban ruwan a kai ɗakin bincike. Sau da yawa sakamakon kan fito lafiya lau alhali ciwon na nan. Don haka takarda ɗaya mai kyau ba sallama ba ce muddin ruwan bai tsaya ba. Tabbaci yana zuwa ne daga gutsuren naman da aka ɗiba da allura, ko ƙaramar tiyatar cire hanyar da ke zubar, wadda sau da yawa ita ce maganin ma. Zancen da ake yaɗawa cewa daji, wato sankara, ba ya son allura ya sa mata da dama zuwa asibiti a makare.

Kafin ranar ganin likita, a daina matsa nonon don dubawa, domin matsawar na ƙara zubar. A lura da launin ruwan da ɓangaren da yake fita, a kuma tafi da duk magungunan da ake sha.