Jaruman Zane Da Na Majigi: Ina Namu A Cikinsu?

Duk wanda ya shiga kasuwar Funtuwa ko ta Malumfashi a makon da za a koma makaranta, in ya bi ta layin masu sayar da jakunkuna da littattafan rubutu, zai ga wani abu da ya isa a tsaya a yi tunani a kansa. Jaka bayan jaka, hoton da ke bisanta shi ne na wani ƙato mai jar riga da zanen saƙar gizo-gizo, ko mai baƙin mayafi da kunnuwan jemage. Ka tsai da yaro ɗan aji uku ka tambaye shi, nan take zai gaya maka wannan Spider-Man ne, wancan Batman. Amma ka ce masa wa ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, sai ka ga ya hau sosa ƙeya.

Wani zai ce ai wannan wasan yara ne, bai kai a ɓata takarda dominsa ba. To, amma icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin jarumi mai kamarsa, mai harshensa, mai irin tufafin ubansa ba, a hankali zai ɗauka cewa jarunta wata aba ce da ke zaune a ƙasashen wasu. Wannan ita ce maganar da muke so malaman makaranta da akawuna su duba tare da mu.

Asalin waɗannan jarumai

A Amurka aka haife su. A cikin 1938 waɗansu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fito da Superman a wata mujallar labari cikin zane mai suna Action Comics, wadda aka sayar a kan santi 10. Batman ya biyo baya a 1939, Spider-Man kuwa a 1962. Shekara da shekaru manyan jaruman nan duk farar fata ne, galibi kuma maza. In baƙin mutum ya shigo labari, to, ko bara ne, ko ɗan daji mai mashi.

Sai a 1966 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙago Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙage wadda suka kira Wakanda. A 2014 kamfanin Marvel ya ba wata jaruma Musulma, Kamala Khan, 'yar asalin Pakistan, mujalla tata ta kanta. Da aka mai da labarin Black Panther fim a 2018, ya tara fiye da dala miliyan 1,300, masu kuɗin sana'ar suka gane baƙar fata ma kasuwa ce babba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A cikin wannan fim ɗin an nuna Nijeriya ta Arewa, sai dai abin da aka nuna dajin Sambisa ne da dare, da 'yan bindiga sun lodo mata a motoci, jarumi ya sauko daga sama ya cece su. Ba mu ce babu irin wannan masifa a ƙasarmu ba. Mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun fi kowa saninta. Abin lura shi ne, a idon miliyoyin 'yan kallo na duniya, ɗan Arewa ya fito a matsayi biyu kaɗai, mai sata da wanda aka sace. Ashe a sa ka cikin hoto daban, a ba ka matsayin jarumi daban.

Abin da magabata suka fara

Kada wani ya zaci ƙasar Hausa ba ta taɓa gwada hannunta ba. A gasar rubutu ta 1933, wadda Rupert East ya shirya daga Zariya, Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, aka buga shi a 1934. Jarumin ya gwabza da Turawa a lokacin da suke cin ƙasa, sa'an nan ya wuce ya kara da aljannu. In ana neman jarumin da ƙarfinsa ya wuce na mutane, to, ga shi nan da harshenmu, shekara 4 kafin a haifi Superman. A shekarun 1950 Malam Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, Malam Garba Funtuwa kuma, ɗan wannan yanki namu, ya fito da Gogan Naka. A 1969 Umaru Dembo ya kai yara sararin sama a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya.

Ko a nan ma akwai darasi. Masana sun nuna cewa Iliya aro ne daga labarin Ilya Muromets, wani gwarzo na tatsuniyoyin Rasha, jarumin Gogan Naka kuwa a ƙasashen gabas ya yi yawonsa. Watau ɗabi'ar neman gwarzo daga nesa ba yau ta faro ba. Sai dai magabatan nan sun yi abin da mu muka kasa: in sun aro, sai su sa wa baƙon riga da rawani, su koya masa Hausa, har yaro ya ɗauke shi ɗan gida.

Haka kuma a fagen majigi. A zamanin En'e mota takan shigo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a hotuna. Cikin waɗanda tsofaffi ba su manta ba akwai Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 a Daudawa don koya wa mutane kyautata noman auduga. Ko da yake hukuma ce ta yi shi domin bukatarta, manomin ƙasar Maska ya ga mai kamarsa a kan ƙyalle, da fartanya a kafaɗa, kuma shi ne kan labari. Shi ya sa sunan ya zauna a bakin mutane har yau.

Abin da 'yan Kudu suka yi

Daga 1968 zuwa 1972 mujallar African Film ta yi tashe da wani ɗan leƙen asiri baƙar fata, Lance Spearman, amma daga Afirka ta Kudu labarin yake fitowa. A 1975 aka fito da Powerman don kasuwar Nijeriya, masu zanensa kuwa 'yan Ingila ne, Dave Gibbons da Brian Bolland. Daga baya 'yan ƙasa suka karɓi aikin. A 2007 Taofick Okoya ya fara ƙera 'yan tsana baƙar fata a Ikko da sunan Queens of Africa, ya sa wa ta Hausawa suna Azeezah. A 2013 Jide Martin ya kafa Comic Republic a can Ikko. A 2017 Roye Okupe ya fito da Malika, sarauniya mayaƙiya wadda ya gina bisa labarin Amina ta Zazzau, a 2021 kuma Izu Ojukwu ya fito da fim ɗin Amina.

Waɗannan mutane sun cancanci yabo, domin sun ga daraja a abin da mu muka bari a yashe. Amma yawancin aikin da Turanci aka yi shi. Yarinyar da ke Bakori ko Ƙafur, wadda tafiyar yini ɗaya ce tsakaninta da Zariya, ba za ta ji maganar Amina ba sai da tafinta. Mu kuwa, tun da aka fito da Turmin Danya a Kano a 1990, masu finafinanmu sun fi karkata ga soyayya da rikicin gidan aure. Yaro mai son ganin jarunta sai ya koma ga finafinan Indiya da aka fassara da Hausa. Harshen nasa ne, fuskar ta wani ce.

Wa za mu zana?

Ba mu rasa abin zanawa ba. Ga Bayajida da Daurama, ga Amina da ganuwarta, ga Gizo da wayonsa. Ga kuma jaruman yau da kullum: sarkin noma mai cika rumbuna, da maharbi, da ɗan dambe, da ungozoma mai fita cikin ruwan sama da tsakar dare, da malamin da bai rufe ajinsa ba a garin da tsoro ya kori mutane.

In kuwa mun tashi zanawa, kada mu maimaita laifin da muke zargin wasu da shi. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba ta mutum iri ɗaya ba ce. Akwai Fulani makiyaya, akwai Maguzawan ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur, akwai jikokin Yarabawa da Ibo da Nufawa waɗanda jirgin ƙasa da cinikin auduga suka kawo kakanninsu. Akwai mata, akwai guragu da makafi. In a labarinmu kullum Bafulatani shi ne ɓarawo, Bamaguje shi ne wawa, mace kuma ita ce mai kuka a jira mai ceto, to, mun yi wa maƙwabcinmu abin da aka yi mana a dajin Sambisa na cikin fim.

Aikin bai bukaci injin dala miliyan ba. A kowane aji akwai yaron da ke cika bayan littafinsa da zane, wanda sau da yawa bulala ce ladansa. Malami ya ba shi takarda, ya haɗa shi da mai iya tsara labari, su raba shafi gida shida, su je wurin tsoho su jiwo tarihin garinsu. A liƙa a bangon aji, makarantu su yi gasa, masu buga littattafan rubutu da kalanda su sayi wanda ya yi fice.

Magana ta ƙarshe ga masu ajiyar takardu. Waccan mujalla ta santi 10, an sayar da kwafe ɗaya nata a 2024 a kan dala miliyan 6, don kawai wani ya adana ta. Mu kuwa tsofaffin bugun Gaskiya da na NORLA suna cikin akwatuna gara tana ci. Wanda ke da Gogan Naka a gida ya kakkaɓe shi, ya karanta wa 'ya'yansa, ya ajiye shi inda ruwa ba ya zuba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane.