Jami'a Gidan Kowa Ce

A wannan wata za mu yi bayani a kan jami'a, wato babbar makarantar da ɗalibi ke shiga bayan ya gama sakandare. Iyaye da yawa a karkara suna tsoron tura 'ya'yansu can. Wani ya ce wurin na 'ya'yan masu kuɗi ne, ɗan manomi ba shi da rabo. Wani kuma ya ce yaronsa zai zauna da mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. To, bari mu duba maganganun nan guda biyu.

Yadda ake raba gurabe

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962. A 1978 gwamnati ta kafa hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a. Jami'o'in gwamnatin tarayya suna da tsarin ɗaukar ɗalibai. A cikin gurabe 100, ana ba da 45 ga waɗanda suka fi kowa cin jarrabawa, ko daga ina suka fito. Gurabe 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar ne. Sauran 20 kuwa na jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko ne, kuma yawancinsu a Arewa suke.

Ashe ke nan ɗan ƙauye yana da ƙofarsa, matuƙar ya dage ya ci jarrabawa. Haka 'ya mace. Haka ma naƙasasshe, domin a 2019 an sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, kuma JAMB tana yi wa makafi shiri na musamman lokacin jarrabawa.

Zama wuri ɗaya bai isa ba

Wannan tsari ne ke sa a ga Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi da Bafulatani a ɗakin kwana ɗaya. Amma tara mutane wuri ɗaya ba shi ne haɗa kansu ba. Idan kowa ya koma gefe da 'yan garinsu kawai, zato da jita-jita su ne za su yi yawa.

Mun ga illar haka. A watan Maris na 1987 gardama a kan addini ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. An ƙone wuraren ibada, an yi asarar rayuka da dukiya. Abin da ya faro a makaranta sai da ya taɓa mutanen da ba su taɓa shiga aji ba.

Maganin shi ne tattaunawa

Akwai misali mai kyau a Kaduna. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a da abokan gaba ne. Fasto Wuye har hannu ya rasa a rikicin 1992. A 1995 suka haɗu suka fara magana da juna, daga baya suka kafa cibiyar sasanta Musulmi da Kirista. Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu.

Irin wannan zama ake so ɗalibai su riƙa yi. Ga yadda yake. A zauna da wani malami ko dattijo mai tsawatarwa. Kowa ya faɗi abin da ke damunsa, ba zagi. Idan wani yana magana, saura su saurara har ya gama. Abin da ba ka gane ba ka tambayi mai shi, kada ka ɗauka daga bakin wani. Ba a taru don a ci wani da gardama ba. An taru ne don a san juna, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Amfanin ba ya tsayawa a makaranta. Tun 1973 wanda ya gama jami'a yana yin bautar ƙasa ta shekara ɗaya, galibi a jihar da ba tasa ba. Wanda ya saba da mutane iri-iri ba zai sha wuya ba. Likita ma ba ya zaɓen yaren majinyaci.

Aikin iyaye

Tarbiyya daga gida take farawa. Ku koya wa yaranku riƙon addininsu da mutunta na wasu. Idan sun zo hutu, ku tambaye su su wane ne abokansu. Idan sun zo da baƙo daga wata jiha, ku karɓe shi hannu biyu. Kada tsoro ya sa ku hana yaro ko yarinya gurbin da ya zama haƙƙinsu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin. Sai wata mai zuwa.