Ɗuri da ɗani: yadda ake cika libarba ta da da ta yanzu, da matsalar kalmominta a hausa

0. Gabatarwa

A ƙasar Ƙonni, da Malbaza, da Illela, bindigar da aka fi sani ita ce ta mahalba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kalmomin da hausa ke da su game da bindiga, a kanta suka ginu. Idan aka zo fassara takardar gargaɗi ta wata bindiga dabam, sai a tarar ba su wadatar ba. A nan kuwa kuskuren mai fassara yana iya cin rai. Za mu ɗauki misalin libarba mai aiki guda (revolver à simple action), mu ga yadda take aiki, sa'annan mu ba da shawara kan kalmomi.

1. Kalmomin da muka gada

Uku daga cikinsu aro ne daga larabci: bindiga (bunduqiyya), albarushi (al-bārūd), harsashi (raṣāṣ, watau dalma). Libarba kuwa daga revolver ta fito: /v/ ya koma /b/, /r/ da /l/ sun yi musayar gurbi, /r/ na ƙarshe ya faɗi. Faɗuwar nan tana nuna cewa ta bakin Ingilishi kalmar ta shigo, don Bafaranshe yana furta wannan /r/ ɗin.

Aikatau uku ne ke bin juna:

(1) ya ɗura bindiga
(2) ya ɗana bindiga
(3) ya halba bindiga (a hausar Kano: harba)

Ɗuri shi ne zuba abin halbi. Ɗani shi ne shirya ta yadda taɓi kaɗan zai tashe ta, kamar yadda ake ɗana tarko. Ana ce wa libarba mai aiki guda in sai an ɗana ta da babban yatsa kafin kowane halbi. Libarbobin sojan Faransa, samfurin 1873 da na 1892, watau na zamanin da ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni cikin watan Mayu na 1899, masu aiki biyu ne: jan yatsa ɗaya yana ɗanawa, yana halbawa. Mai aiki guda, yawancinmu a sinimar kaboyi muka san ta.

Matsala ta farko ita ce kunama. Faransanci ya raba ƙarfen da ke saran harsashi (chien) da wanda yatsa ke ja (détente). A hausar yau kunama na nufin na biyun, ko da yake a ganinmu siffar wutsiya a ɗage ta fi dacewa da na farkon. A nan za mu bar wa na biyun kunama, mu kira na farkon guduma. Abin da ke juyawa da harsasai (barillet) ganga ne, mai ɗaki shida.

2. Tsohon tsari

Misalinsa shi ne Colt ta 1873, wadda sojan Amurka suka ɗauka a wannan shekara. Tsinken da ke huda gindin harsashi (percuteur) a jikin guduma yake. Guduma tana da mataki uku: na farko, na rabin ɗani, da na cikakken ɗani. Don ɗuri, sai a ja ta zuwa rabin ɗani, ganga ta saku, a buɗe ƴar ƙofar da ke gefen dama, a riƙa sa harsashi ɗaya ɗaya.

Hatsarin a nan yake. In an cika ɗaki shida aka kwantar da guduma, tsinke yana bisa harsashi mai rai. Bindigar ta faɗi, ko wani abu ya bugi bayan guduma, sai ta tashi ba wanda ya taɓa kunama. Saboda haka masu ita suka tsayar da ƙa'idar biyar: a sa ɗaya, a tsallake ɗaki ɗaya, a sa huɗu, a rufe ƙofa, a ja guduma har ƙarshe, sa'annan a sauko da ita a hankali. Lissafin yana sa ta kwanta bisa ɗakin da ba kome.

Matakin farko fa? Sunansa cran de sûreté, amma ɗan tsagi ne siriri cikin ƙarfe, bugu mai ƙarfi yana karya shi. Wanda ya fassara shi da «matakin tsaro» ya bi lafazi daidai, ya kuma ce wa mai karatu ya sakankance inda bai kamata ba. Mun fi son «matakin farko» kawai, tare da gargaɗi.

3. Sabon tsari

Kamfanin Ruger ya fito da Single-Six a 1953 da Blackhawk a 1955, suna bin tsohuwar hanyar ɗuri, da hatsarinta. A 1973 ya sake tsarin da wani ɗan ƙarfe (barre de transfert), dabarar da kamfanin Iver Johnson ya riga ya yi aiki da ita tun shekarun 1890. Muna kiran sa ɗan tsakani. A wannan tsari tsinke yana jikin bindiga, guduma kuma idan ta kwanta, jikin bindiga take taɓawa, ba ta kai ga tsinke. Sai an ja kunama har baya ɗan tsakani ke tasowa ya cike giɓin, ya miƙa saran. An saki kunama, ya koma ƙasa. Don haka ana iya cika ɗaki shida.

Ɗurin ma ya sake. Babu rabin ɗani: guduma na kwance, buɗe ƙofa kaɗai ke sakin ganga. Ke nan a tsohon tsari ɗuri yana bi ta cikin ɗani, a sabo kuwa an raba su sarai, kamar yadda (1) da (2) suka rabu a harshe.

4. «Tsohuwa» da «sabuwa»

Ga matsala ta uku. Bahaushe in ya ji «sabuwar bindiga», shekarunta yake ji. Amma akwai masu kwaikwayon Colt da aka ƙera a Italiya shekaru ɗari bayan ta asali, da tsarin 1873 cikinsu. Akwai kuma tsoffin Ruger da kamfanin ya sa wa ɗan tsakani kyauta tun daga 1982, suna nan da rabin ɗaninsu wajen ɗuri. Ashe sifar a kan tsari ya kamata ta hau:

(4) libarba mai tsohon tsari
(5) libarba mai ɗan tsakani

Jimla irin «sabuwa tana ɗaukar shida» ba ta da wuri a takardar gargaɗi. Wanda bai tabbatar da ɗan tsakani da idonsa ba, bindiga babu harsashi, ƙa'idar biyar ce tasa.

5. Kammalawa

Ɗura da ɗana sun isa, ba a bukatar aro. Inda hausa ta gaza wuri uku ne: kunama mai harshen damo, «tsaro» da ba tsaro ba, da «sabuwa» mai nufin shekaru. Guduma, ganga da ɗan tsakani shawara ce kawai. Muna roƙon ɗalibai ƴan Adar da Ƙonni su gwada su a gaban mahalba da maƙera, su kawo mana sunan da su suke ba kowane ƙarfe. Inda suke da kalma, tasu ce za a ɗauka.